Zauren Tambaya: Garin Masana Zalla, a Fim da a Zahiri

Wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan shirye-shiryen talabijin na almarar kimiyya, musamman waɗanda ake nuna wani ɓoyayyen gari da babu kowa a cikinsa sai masana. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kallon wani shiri mai dogon zango na Amurka mai suna Eureka, inda gwamnati ta tara haziƙan ƙasar a gari ɗaya suna ƙere-ƙere a asirce. Shin garin nan yana nan da gaske? Daga wani mai karatu, Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Garin da ka gani ƙage ne. An nuna shirin daga 2006 zuwa 2012, zango 5, kashi 77, kuma a ƙasar Kanada aka ɗauki hotonsa duk da labarin ya ajiye garin a Amurka. Sai dai marubutan ba daga sama suka tsinko tunanin ba. Amurka ta gina irin waɗannan garuruwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu domin haɗa bam ɗin nukiliya.

Wanda ya fi suna shi ne Los Alamos a jihar New Mexico, da aka buɗe a 1943 a kan wani tudu mai nisa da jama'a, ƙarƙashin masanin fiziya Robert Oppenheimer da Janar Leslie Groves. An kewaye shi da waya, ba a shiga sai da takardar izini, kuma duk mazaunansa adireshi ɗaya gare su: Akwatin Gidan Waya 1663, Santa Fe. Har jariran da aka haifa a can wannan akwati aka rubuta musu a takardar haihuwa. Sai a 1957 aka cire masu gadi daga ƙofar garin.

Abin da fim ba ya nuna maka shi ne wahalar zaman. Ruwa bai taɓa wadatar Los Alamos ba a shekarun yaƙin, kuma a sanyin ƙarshen 1945 bututun da ke kawo shi ya daskare, sai da aka koma jigilarsa da tankoki daga kogin Rio Grande. A Oak Ridge ta jihar Tennessee kuwa, an tsara gari na mutum 13,000, kafin yaƙin ya ƙare sun kai 75,000. Mafi yawansu ba masana ba ne: magina ne, da masu walda, da masu haɗa bututu, da 'yan mata da suka gama sakandare suna zaune gaban allon na'ura suna juya maɓalli ba tare da an gaya musu abin da na'urar ke tacewa ba. An zaɓi wurin ne saboda wutar lantarkin madatsun ruwan yankin. Da jan ƙarfe ya yi ƙaranci saboda yaƙi, baitulmalin Amurka ya ba da aron azurfa tan 14,700 aka yi wayoyin maganaɗisu da ita, ba a gama mayar da ita ba sai 1970.

Tambaya: A irin waɗannan shirye-shirye kullum sai gwaji ya lalace, gari ya shiga haɗari, kafin kashin ya ƙare wani ya gano dabara ya gyara. Haka abin yake a ɗakunan bincike na gaske? Daga wata ɗaliba mai karanta kimiyya, Kabuga.

Amsa: Malama, lalacewar gaskiya ce, saurin gyaran ne ƙarya. Marubuci yana da kusan minti 45 ya ƙulla matsala ya kwance ta, saboda haka dole ya sa mutum ɗaya ya gano laifin, ya ƙera kayan gyara, ya ɗaura, duk a yini guda. A zahiri gano laifin kaɗai yakan ci makonni.

Ga misali da ya kamata duk ɗalibin injiniya ya sani. Cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa tana da na'urar karo da ƙwayoyin zarra mai zobe na kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa. An kunna ta ranar 10 ga Satumba 2008. Bayan kwana 9 ta tsaya. Dalili kuwa mahaɗar waya ce guda ɗaya tsakanin maganaɗisu biyu da ba a liƙe ta da kyau ba, daga cikin irinta kusan 10,000. Maganaɗisun suna aiki ne a sanyin da ya kai digiri 271 ƙasa da sifiri, inda wuta ke bin waya ba tare da tirjiya ba. Da wannan mahaɗa ta yi zafi sai ta narke, tartsatsin wuta ya huda rumbun da ke riƙe da ruwan hiliyam, kusan tan 6 ya koma iska ya fita da ƙarfin da ya tumɓuke maganaɗisu daga mazauninsu. Sai da aka ciro guda 53 zuwa sama, kuma kafin a taɓa komai dole a ɗumama sashen a hankali na makonni, bayan gyara a sake sanyaya shi na wasu makonnin. Na'urar ba ta dawo aiki ba sai Nuwamba 2009.

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma shi ne ya sa muke ƙin yadda finafinai ke ƙawata asiri. Ranar 29 ga Satumba 1957, a wani rufaffen garin nukiliya na Tarayyar Sobiyet da ake kira Chelyabinsk-40 a lokacin, na'urar sanyaya wani tankin sharar nukiliya ta lalace ba a gyara ba. Sharar ta bushe, ta yi zafi, tankin ya fashe. An kwashe kimanin mutum 10,000 daga ƙauyukan da gubar ta sauka, wasu sai bayan watanni masu yawa, kuma gwamnati ba ta amsa cewa abin ya faru ba sai 1989. Maƙwabtan da ba a gaya musu abin da ke bayan katanga ba su ne suka ci gaba da shan ruwan wurin da kiwo a kan ciyawarsa.

Tambaya: To mu a Najeriya muna da irin wannan gari? Daga wani malamin makaranta, Hotoro.

Amsa: Gari sukutum babu, Malam, amma akwai ƙananan misalai. A Sheda kusa da Abuja akwai cibiyar kimiyya da fasaha ta SHESTCO. A Ibadan, cibiyar binciken noma ta IITA da aka kafa a 1967 tana zaune a fili na kusan hekta 1,000, da gidajen ma'aikata da makaranta da tafkinta. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Samaru a Zariya: binciken noma ya fara a can tun 1922, Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962, ga cibiyar binciken dabbobi a Shika, ga kuma ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. Samaru ba a rana ɗaya aka zana ta ba, cibiyoyin ne suka taru ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya: Ranku ya daɗe, in da za a ce a gina garin masana a Kano, me ake bukata, kuma ta ina za a fara? Daga wani mai haɗa sola, Sharaɗa.

Amsa: Malam, sana'arka ce farkon amsar. Amma bari mu fara da inda za a ajiye shi, domin a nan waɗanda suka riga mu suka yi tuntuɓe.

Japan ta yanke shawarar gina garin masana na Tsukuba a 1963, kimanin kilomita 60 daga Tokyo, ta kwashe cibiyoyin bincike na gwamnati zuwa can. Shekaru da yawa ma'aikata suna kukan kaɗaici da wahalar sufuri, wasu suka bar iyalinsu a Tokyo. Jirgin ƙasa mai sauri da ya mayar da tafiyar minti 45 bai zo ba sai 2005. Garin masana na Akademgorodok a Tarayyar Sobiyet kuwa, da masanin lissafi Mikhail Lavrentyev ya jagoranci kafawa a dajin Saiberiya kusa da Novosibirsk a 1957, ya yi dabara ɗaya mai kyau: ya haɗa cibiyoyin bincike da jami'a da makarantar kwana ta lissafi da fiziya, ana zaɓo yara ta hanyar gasa, masu binciken da kansu suke koyar da su. Rauninsa shi ne daga aljihun gwamnati kaɗai yake ci. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 kuɗi ya yanke, masana da dama suka watse zuwa ƙasashen waje.

Don haka ra'ayinmu shi ne kada a je daji a zagaye fili da katanga. Kano tana da Jami'ar Bayero da cibiyarta ta noman ƙasa mai ƙarancin ruwa, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, da kwalejojin kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da suke yaye ɗalibai tun bayan kafa su a 1977. Abin da ya rage shi ne ɗakunan gwaje-gwaje da ba sa mutuwa, kusa da waɗannan wurare. Ga abin da ɗaki ɗaya ke ci.

Wuta tukuna. Ɗauki ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje mai jan kilowat 10 dare da rana: firiza, esi, injin tace ruwa, kwamfutoci. A yini ya sha yunit 240. In ka ƙaddara sa'a 5.5 na rana mai ƙarfi, ka cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara a zafi da waya da inbata da batir, kana bukatar faifan sola na kusan kilowat 58, wato faifai mai wat 550 guda 106. Sa'o'i 14 da ba rana sosai kuma suna bukatar batirin da zai ba da yunit 140, ka ƙara a kai don kada a riƙa tatse shi ƙarƙaf. Janareta yana nan a matsayin mataimaki, amma tsakanin ɗaukewar wuta da tashinsa akwai daƙiƙa 10 zuwa 15, kuma wannan giɓin ya isa ya kashe awon da aka kwana ana yi. Dole na'urori masu laushi su zauna a kan batirin da ba ya yankewa ko ƙiftawar ido. Firizar da ke ajiye jini da ƙwayoyin cuta a digiri 80 ƙasa da sifiri ba ɗaukewar wuta ce ta fi kashe ta ba, wuta mai rauni ce: kwamfuresa ya yi ta yunƙurin tashi har ya ƙone, samfurin shekaru ya narke cikin sa'o'i. A sa mata sitabilaiza da ƙararrawa mai aika saƙo a waya, a ajiye firiza ta biyu babu komai a ciki tana jira. A kuma duba wayar ƙasa duk shekara, domin a rani ƙasar Kano tana bushewa, sandar da aka binne ta daina aikinta yadda ya kamata.

Sai ƙura. Wanda ya taɓa shafa yatsa a gilashin mota da safiyar hunturu ya san abin da muke nufi. Wannan garin ƙurar yana toshe matatar esi, yana kwanciya a madubin na'urar hangen ƙwayoyi, yana rage ƙarfin faifan sola in ba a wanke shi akai-akai. Maganinsa ɗaki mara taga mai buɗuwa, da ƙofa biyu da ba a buɗe su lokaci guda, da fanka mai tura tatacciyar iska ciki don iskar ɗakin ta fi ta waje matsi, ta yadda in an buɗe ƙofa iska fita take yi. Matatar HEPA tana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), amma tana da tsada, kuma in aka bar ta ita kaɗai hazo zai cika ta da wuri. A sa mata matata mai araha a gaba, a riƙa wanke ta ko canza ta a lokacin hunturu.

Ruwa ma iri biyu ne. Na jama'a, in an ƙaddara lita 120 ga mutum a yini, unguwa mai mutum 5,000 tana shan lita 600,000. Na gwaji kuwa ruwan burtsatse ba ya yi kai tsaye saboda ma'adinan da ke narke a cikinsa. Sai ya bi ta matatar yashi, ta gawayi, sannan fatar tacewa mai matsi, sannan ƙwayoyin da ke tsotse ragowar gishiri. Ƙananan injinan tacewa sukan zubar da ruwa fiye da wanda suka tace, saboda haka a tanadi tankin da zai tara shi don ban ruwan shuka.

Na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa a kasafi: mai gyara. Ana sayen na'ura da kuɗin shekara ɗaya, amma sinadaranta da iskar gas ɗinta da kayan canjinta kuɗin kowace shekara ne, da dala. Kafin a sa hannu a takardar saye, a rubuta cewa kamfanin zai horar da aƙalla mutum biyu a nan gida, ya bar littafin gyara da kayan canji na shekara biyu zuwa uku. Masu hannun da za a horar suna nan: yaran da ke ɗaga ƙananan sassan waya da iskar zafi a kasuwar Farm Centre, da masu naɗa kwayil, da irinku masu haɗa sola. Abin da suke bukata shi ne a koya musu awo da rubuta duk abin da suka taɓa a littafin na'ura, sannan a ba su matsayi da albashin da zai hana su komawa kasuwa bayan shekara guda.