Sunan Tumadir: ma'anarsa, matan da suka ɗauke shi, da abin da ya sa ba a yawan jin sa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa mai tambaya, na karanta abin da kika rubuto. Kin ce maigidanki yana so in Allah Ya ba ku 'ya mace a sa mata Tumadir, ke kuma ba ki taɓa jin sunan a bakin kowa ba. Kin duba intanet, wani wuri an ce ma'anarsa haske, wani wuri an ce nono mai tsami, sannan wata daga cikin dangi ta ce miki mai sunan ta ƙare rayuwarta ne cikin kuka, kada ku jawo wa yarinya. Tumadir sunan 'yata ta biyu ne, yanzu ta zama budurwa tana jami'a, ni kuma Larabci na karanta kuma shi nake koyarwa. Zan faɗa miki abin da ke cikin littattafai da abin da na gani a gidana, ki yi haƙuri da tsawon.

Da farko ki gyara faɗarsa, domin a nan ake fara kuskure. Tu-maa-dir ne: rufu'a a kan ta, a ja "maa", sannan harafin lodi da wasalin ƙasa. Lodin nan shi ne wanda harshenmu ya saba mayarwa "l", shi ya sa muke cewa alwala, alƙali, farilla, larura. Saboda haka kada ki yi mamaki in wata dattijuwa ta kira jaririyar Tumalir. Kakar 'yata haka ta riƙa kiran ta har Allah Ya karɓi ranta, kuma ban taɓa jin haushi ba, harshe ne ya bi hanyar da ya sani.

Game da ma'ana, duka biyun da kika gani suna da tushe, sai dai kowanne an yanko shi ne an bar sauran. Sunan ya fito daga tushen baƙaƙe uku, mim da lodi da ra. Larabawa suna amfani da tushen nan ga nonon da ya fara tsami ya yi fari fat, suna kuma amfani da shi ga tsiro ɗanye shar mai taushi. Daga nan sunan Mudar ya fito, kakan manyan ƙabilun Larabawan arewa, wanda yake cikin jerin kakannin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malaman lugga sun ce an kira shi haka ne ko dai don farin fatarsa, ko don son da yake yi wa irin wannan nono. A ƙamus ɗin Lisanul Arab an ambaci Tumadir a matsayin sunan mace da aka ciro daga wannan tushe, aka kuma kawo maganar Ibn Duraid cewa yana ganin daga nonon ne. To wanda ya ce miki nono mai tsami bai yi ƙarya ba. Abin da bai gaya miki ba shi ne, a wurin makiyayan sahara nono shi ne rai, farinsa kuma shi ne abin da suke kwatanta kyau da tsabta da shi. Uban da ya kira 'yarsa Tumadir fari da taushi da ɗanyen jiki yake nufi. Babu zagi a ciki ko kaɗan.

Ko sunan Musulunci ne? Sunan ya girmi zuwan Musulunci, kamar yadda Khadija da Hindu da Safiyya suka girme shi. Ma'aunin da nake bi shi ne abin da Annabi ya yi da sunayen da ya tarar. Wanda yake da mummunar ma'ana ko yabon kai ya canza shi. 'Yar Sayyidina Umar sunanta yana nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Barra, wato mai yawan biyayya, ya canza wa Zainab da kuma Juwairiyya matarsa. Amma mata biyu sanannu masu suna Tumadir sun zo Madina yana raye, kuma da sunansu suka rayu har suka koma ga Allah. Ni wannan ya ishe ni hujja.

Ta farkon ita ce wadda 'yar'uwarku take nufi da maganar kuka, kuma na tabbata kin san ta, da wani suna dai kika san ta. Ita ce Khansa'u, mawaƙiyar Banu Sulaim. Sunanta na yanka Tumadir 'yar Amru, daga gidan Sharid. Khansa'u laƙabi ne da ya samo asali daga ɗan gajeren hancinta, irin na barewa, abin da Larabawa suke ƙirgawa cikin kyau. Sunan ma ya daɗe a gidansu, domin kafin ita akwai wata Tumadir 'yar Sharid, matar Zuhairu ɗan Jazima shugaban ƙabilar Absu.

Tun tana budurwa ta nuna irin macen da take. Duraidu ɗan Simma, jarumin Hawazin kuma mawaƙi, ya gan ta ya nemi aurenta, har ya yi mata waƙa yana kiran ta da sunayen biyu. Mahaifinta ya bar mata zaɓi, ta ce ba za ta bar samarin danginta ta auri tsoho ba. A zamanin da ake aurar da mace ba tare da an ji bakinta ba, ta faɗi ra'ayinta ga ɗaya daga cikin manyan mutanen yankin, kuma maganarta ce ta tsaya.

Kukan da ake magana a kai na 'yan'uwanta biyu ne. An kashe Mu'awiya a rikicinsu da Banu Murra. Sakhru kuma ya sami rauni a wani hari da suka kai wa Banu Asad, ya yi jinya wajen shekara guda sannan ya cika. Sakhrun nan uba ɗaya suke da ita, kuma shi ne wanda duk lokacin da mijinta ya ɓarnatar da dukiya ta je wurinsa, sai ya raba abin da ya mallaka biyu ya ba ta rabi mafi kyau. Da ya mutu ta yi masa marsiyyoyi, wato waƙoƙin makoki, waɗanda har yau ake karantar da su a duk inda ake koyon adabin Larabci. A ɗaya daga cikinsu take cewa fitowar rana tana tuna mata da shi, faɗuwarta ma haka. Ta tsaya a kasuwar Ukaz, inda mazan mawaƙa suke gasa, ta rera a gaban Nabigatuz Zubyani wanda yake alƙalanci, ya fifita ta a kan mafi yawan waɗanda suka zo. Malaman adabi da dama sun tafi a kan cewa ba a yi mace kamarta a waƙa ba. Duk shekarar da na zo wannan darasi a aji, sai na ga ɗalibai mata sun gyara zama.

Ta musulunta tare da mutanenta wajen shekara ta 8 bayan Hijira. Littattafan tarihi sun kawo cewa a yaƙin Ƙadisiyya, zamanin halifancin Umar wajen shekarar 636 Miladiyya, ta tara 'ya'yanta maza huɗu ta ƙarfafa musu gwiwa, duka suka yi shahada, da labari ya zo mata sai ta gode wa Allah da Ya ɗaukaka ta da shahadarsu. Wasu masu bin diddigin ruwaya sun yi magana a kan isnadin wannan labari, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi, don haka nake kawo shi a matsayin abin da masu tarihi suka ruwaito. Ko an ajiye shi gefe, waƙoƙinta da musuluntarta sun isa.

Yanzu ga maganar kada ku jawo wa yarinya. Wallahi wannan magana tana yi mini ciwo, domin ni ma an gaya mini ita. Ki duba: Sumayya kashe ta aka yi da mashi a Makka. Asiya azabar Fir'auna ta sha. Nana Khadija ta binne 'ya'yanta maza suna ƙanana. Nana Fadima ta rasa uwa da 'yan'uwanta mata duka da mahaifinta, ita ma ta bi shi bayan wata shida. Wa ya taɓa cewa kada a sa waɗannan sunaye don gudun jarrabawa? Akwai dai ruwaya a Bukhari cewa kakan Sa'idu ɗan Musayyib, mai suna Haznu, wato tsauri, ya ƙi karɓar sunan Sahlu da Annabi ya ba shi, Sa'idu ya ce tsaurin bai bar gidansu ba. Wannan magana ce a kan ma'anar sunan kansa. Ba a gadon ƙaddarar wanda ya riga ka ɗaukar suna, kuma Annabi ya hana camfi.

Tumadir ta biyu ba a cika ambatonta ba, alhali ɗaliban fiƙihu suna cin karo da ita. Ita ce 'yar Asbagu, shugaban Banu Kalb na Dumatul Jandal. A shekara ta 6 bayan Hijira Annabi ya tura Abdurrahman ɗan Aufu can, ya ce in sun karɓi Musulunci ya auri 'yar shugabansu. Suka karɓa, ya aure ta ya kawo ta Madina. Ita ta haifi Abu Salama ɗan Abdurrahman, babban tabi'i wanda wasu malamai suke sawa cikin fuƙaha'u bakwai na Madina, kuma sunansa ya cika isnadin hadisan Abu Huraira da Nana A'isha. Abdurrahman ya sake ta saki na ƙarshe yana cikin ciwon ajali, ya rasu a shekara ta 32, Sayyidina Usman ya hukunta a ba ta gadonta. Imam Malik ya kawo wannan hukunci a Muwaɗɗa, kuma a kansa malamai suka gina mas'alar gadon matar da aka saka a ciwon ajali. Wato duk matar da aka kare wa haƙƙinta da wannan hukunci, shari'ar wata Tumadir ce ta share mata hanya.

To me ya sa sunan ya yi ƙaranci? A ganina laƙabin ne ya haɗiye shi. Makarantun 'yan mata da tituna da aka sa wa sunan mawaƙiyar a ƙasashen Larabawa duk Khansa'u aka rubuta, iyayen da suke son yi mata takwara ma Khansa'u suke sawa. Ga kuma nauyin lodi a harshen wanda ba Balarabe ba. Amma sunan bai mutu ba. Ana jin sa a Sudan da Masar da Saudiyya da ƙasashen yankin Gulf. Tumadir Taufik tana cikin matan farko da suka yi fice a rediyon Masar, ta kai ga shugabancin gidan talabijin na ƙasar. A watan Fabrairun 2018 Saudiyya ta naɗa Tumadir Ar-Rammah mataimakiyar ministan ƙwadago.

Lambobin farin jini da kike gani a shafukan sunaye kuwa, ki san daga ina suke. Yawancinsu daga hukumar kula da jin daɗin jama'a ta Amurka ake kwaso su, wadda take fitar da jerin sunaye 1000 mafi yawa duk shekara, da bayanan da suka koma har 1880, kuma ba ta bayyana sunan da bai kai jarirai 5 ba a shekara. In shafi ya ce miki suna ba shi da farin jini, jariran Amurka yake ƙirgawa. Irin waɗannan shafuka kuma suna kwafar juna, sukan zaɓi ma'ana mafi daɗin ji su liƙa wa kowane suna. In kina son tabbaci, ki sa mai Larabci ya buɗe miki ƙamus.

Ba zan ɓoye miki wahalarsa ba, domin yarinyar ce za ta ɗauke ta, ba ku ba. Duk sabon malami sai ya tsaya a kan sunan 'yata lokacin kiran suna, wani ya ce Tamadur, wani ya tambaya ko na namiji ne. Tana firamare ta taɓa dawowa tana kuka wai yara sun ce sunanta ya yi kama da tumatir, ta ce a canza mata. Na zaunar da ita na ba ta labarin matan nan biyu daidai hankalinta, na riƙa maimaita mata shi tana girma. Da ta shiga sakandare ita da kanta take ba da labarin in an tambaye ta, har ta haddace baitocin Khansa'u ba tare da na sa ta ba. Yanzu tana cewa abin da ta fi so shi ne ba a taɓa haɗa ta da wata ba, in an ce Tumadir kowa ya san wa ake nufi. Shi ya sa nake ganin iyayen da za su sa baƙon suna wajibi ne su san labarinsa sosai, don yarinya ta sami abin riƙewa ranar da aka tsokane ta. In don dai a ce sunan 'yarku daban yake ne kawai, gara ku ɗauki wanda kowa ya sani.

Abu biyu zan ƙara. Ki tambayi maigidanki wace Tumadir yake nufi da kuma dalilinsa, ku yarda tare, domin ke ma kina da haƙƙi a cikin sunan da za ki fi kowa kira. Sannan ku tsayar da rubutu ɗaya na boko tun daga takardar haihuwa. Za ki ga ana rubuta Tumadir, Tumadhir, Tamadur, Tomader, duk suna ɗaya ne, amma in takardar makaranta ta saɓa da fasfo, gyaran yana cin lokaci. Mu Tumadir muka rubuta, shi ya fi kusa da yadda ake faɗa, muka kuma duba kowace takarda kafin mu karɓa.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya abin da za ki haifa a kan Musulunci.