Amsa: Me ya hana katakon jirgin Endurance ruɓewa?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda jirgin katako zai yi fiye da shekara ɗari a ƙasan teku bai ruɓe ba. Ni ma ranar da na fara ganin hotunan, na ɗauka aikin kwamfuta ne.

Endurance jirgin ruwan Ernest Shackleton ne, wani Bature mai balaguron bincike. Ya nitse a tekun Weddell na Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, a Nuwamba 1915, bayan ƙanƙara ta riƙe shi wata da watanni har ta farfasa shi. Sai a Maris 2022 aka gano shi, a zurfin mita 3,008. Sunansa na nan raɗau a bayansa, da tauraron da ke ƙarƙashin sunan, sitiyarin ma yana tsaye abinsa.

Babban dalili shi ne rashin tsutsar teku mai huda katako, wadda a ruwa mai ɗumi take yi wa jiragen katako irin ɓarnar da gara ke yi wa katakon rufi. A can babu bishiya ko ɗaya balle itace ya faɗa ruwa, to me za ta ci? Ga ruwan kuma sanyi ƙarara. Soson teku da wasu ƙananan halittu ne kawai suka maƙale a jikinsa, suka mai da shi gida.