Firam ɗin keken da na saya na hannu ya tsage, a yi masa walda ko a haƙura?

Ka ce bayan ka wanke keken ne ka ga tsaga kusa da wuyansa. Kafin komai, ka daina hawa tukuna. Wurin nan shi ke ɗaukar nauyi idan ka ja birki ko ka faɗa rami, kuma in ya tashi karyewa ba ya sallama.

Kankare fentin wurin ka duba, don wani lokacin fenti ne kawai ya dare. Idan layin ya shiga cikin ƙarfen, ɗauko maganaɗisu ka manna a jikin firam ɗin. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, mai walda da ya san aikinsa zai iya gyarawa, sai dai bututun keke siriri ne, wuta ta yi yawa sai ta huda shi. In bai kama ba, galibi alminiyam ne. Shi kuwa zafin walda yana raunana shi, sai an sake gasa firam ɗin gaba ɗaya ƙarfinsa zai dawo, kuma kuɗin hakan kan fi kuɗin keken.

Ni dai in alminiyam ne, na kwance tayoyi, sarƙa da birki na nemi wani firam. Tsagar da aka shafa wa sabon fenti kuma, mayar wa mai shi kayansa.