Filash ɗina ya lanƙwashe da furojet a ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina zaune a Samaru. Filash ɗina mai gigabait 16 yana jikin laftof ƙanena ya ture ta, bakinsa ya lanƙwashe. Yanzu in na sa shi, wani lokaci kwamfuta ta yi ƙara kamar ta gan shi, wani lokaci shiru, sau ɗaya kuma ta ce in yi masa fomat. Babi huɗu na furojet ɗina da hotunan bikin yayata duk suna ciki, ba ni da kwafi. Wani mai gyaran waya ya ce in kawo, zai yi masa filashin ya dawo sabo. In kai masa? Saura mako uku in miƙa aikin.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki kai masa. Ba ƙarya ya yi miki ba, zai iya mayar da shi sabo fil, sai dai sabo yana nufin babu komai a ciki. Manhajar da suke filashin da ita ta masana'anta ce, tana sake tsara na'urar daga tushe, ta share abin da ta tarar. Shi filash yake so ya gyara, ke kuwa babi huɗunki kike nema.

Tun yau ki cire shi ki ajiye a ambulan. Kada ki miƙe bakin da hannu, kada ki riƙa sa shi kina girgizawa ko zai kama, kuma duk ranar da Windows ta sake cewa fomat, ki ce a'a.

In aka buɗe filash, yawanci abu biyu ake gani a kan ɗan allo: cif ɗin ajiya, wanda ake kira NAND, inda rubutunki yake kwance, da wani ƙarami mai kula da shige da fice, kamar mai gadin ƙofa. Bakin ƙarfen kuwa ƙafafu huɗu ne suka riƙe shi da dalma in tsohon samfuri ne na USB 2.0, tara in na 3.0 ne. Yadda kika ce yana kamawa yana saki, na fi zaton ɗaya daga ƙafafun ce ta tsage, cif ɗin ajiya kuma lafiyarsa lau. Wannan aiki ne da mai gyara mai natsuwa, wanda yake da madubin ƙara girma da hannun dalma mai kyau, zai iya yi a nan Zariya. Akwai irinsu a PZ da Sabon Gari, har da nan kusa da ke a Samaru. Zaɓen ne ke da wuya.

Ni ga yadda nake gane su. Nagari yakan fara da tambaya: me ya same shi, yaushe, an taɓa shi bayan nan? Wanda ya karɓa ya cusa a kwamfuta tun kafin ki gama bayani, ki karɓi abinki. Ki tambaye shi, in filash ɗin ya kama, me zai fara yi? Amsar da nake so ki ji ita ce zai kwafe duk abin da ke cikin filash ɗin gaba ɗaya zuwa wani faifai, ya yi bincikensa a kan kwafin. Manhajoji irin su PhotoRec da Recuva da ake tono fayil da su kyauta ake samunsu, saboda haka kada a tsorata ki da sunansu, kuma ba sa tsinana komai in kwamfuta ba ta ganin filash ɗin. Abin da aka tono, ba a mayar da shi cikin filash ɗin da ya lalace. Ki je da wani sabo.

Na taɓa yin wannan wautar da kaina. Shekarun baya na bar filash a wani shago, cike da hotunan sunan ɗiyata, na tafi sallar la'asar. Na dawo yaron shagon yana murmushi, wai ya gyaru, har ya gwada ya sa waƙa a ciki. Hotunan ke nan har yau. Tun daga ranar ba na barin kaya in tafi, kuma ke ma ki zauna a gabansa. Hotunan biki ne na mata, ba ki so ki gan su suna yawo a WhatsApp. In an gama, ki sa ya goge kwafin da ke kwamfutarsa kina kallo.

Maganar kuɗi ku gama ta tun farko: nawa ne kuɗin dubawa, nawa ne in an samu, me za ki biya in ba a samu ba. Kada ki biya cikon sai kin buɗe babin farko da na huɗu da idonki, domin fayil yakan dawo da sunansa amma ciki shirme.

In an liƙa bakin bai kama ba, to mai yiwuwa mai gadin ƙofar ne ya mutu. In haka ne, sai an ciro cif ɗin ajiya an karanta shi da na'ura ta musamman irin PC-3000 Flash ta kamfanin ACE Lab. Ki tambayi mai gyaran kai tsaye ko yana da ita. In ba shi da ita, kada ya kusanci cif ɗin da wutar hura iska, ya rufe miki ki nemi masu wannan aikin a manyan birane, kuma kuɗinsa ya ninka kuɗin filash sau da yawa. Ƙananan filash ɗin nan da aka narka komai cikin baƙin dunƙule ɗaya sun fi kowanne wahala.

Kafin ki kashe ko sisi, ki duba imel ɗinki da WhatsApp, wataƙila kin taɓa tura wa malamin da ke duba aikinki babi ɗaya ko biyu. Ki leƙa shagon da kika yi firintin, sukan bar fayil a kwamfutarsu. Wanda kuma yake a takarda da jan biron malam a kai, ki fara sake bugawa yau da daddare, kina ajiyewa a Google Drive, gigabait 15 suke bayarwa kyauta. Mako uku ba ya jiran mai gyara.