Sayar da amfanin gona ta intanet: ina batun haraji?

Wani manomi ya rubuto cewa ya fara sayar da zuma da irin shuka a wata kasuwar intanet, kuɗi na faɗawa asusunsa kai tsaye. Yana tambaya ko haraji ya hau kansa, alhali ko shago ba shi da shi.

Ya hau, malam. Hukumar haraji ba ruwanta da ko kana da rumfa ko waya kawai ke hannunka, sana'a take dubawa. Wanda ya sayar da tsohuwar garmarsa sau ɗaya daban yake da mai ɗora kaya kullum don neman riba, kuma kai kana sahu na biyu. Kada ka ɗauka ba mai gani. A 2020 ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashe, OECD, ta fitar da tsarin da zai sa kamfanonin intanet su riƙa miƙa bayanan masu ciniki ga hukumomin haraji, a 2021 aka haɗa da masu sayar da kaya. Tarayyar Turai ta fara aiki da nata, DAC7, a 2023, Birtaniya ta biyo baya a 2024. A Turai, duk wanda cinikinsa ya kai sau 30 a shekara ko ya haura Yuro 2,000, sunansa na shiga rahoto. Wannan ma'aunin kai rahoto ne kawai. Nawa za ka biya, dokar ƙasarku ce ke yankewa.

Ya kuma tambaya ko a kan duk kuɗin da suka shigo za a caje shi. A'a, yawanci a kan riba ne, kuma nan manoma suka fi cutar kansu. Kamfanin ya san abin da aka biya ka, amma bai san abin da ka kashe wajen taki, maganin feshi, ƙwadago, kwalabe da jigila ba. In ba ka da shaida, za a iya ƙin cire maka su, ka biya haraji a kan guminka. Don haka ka buɗe asusu na musamman don sana'ar, kada kuɗin gida su cakuɗa da shi. Rasit ɗin da ƙananan injina ke bugawa yakan koɗe cikin watanni har ya zama farar takarda, sai ka ɗauki hotonsa ranar da aka ba ka. Duk ƙarshen wata ka sauke bayanin cinikinka daga manhajar, domin a ciki ne kamashon da kamfani ya yanke da kayan da aka dawo maka da su suke fitowa.

Wata 'yar'uwa kuma ta ce tana niƙa amfaninta ta ƙulla a leda da sunanta, ko harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, ya shafe ta? Hajiya, ƙasashe da yawa suna ɗage shi a kan ɗanyen abinci, amma sarrafawa na iya sauya matsayin kaya. Yawanci kuma akwai adadin cinikin da sai an kai shi rajista ke zama dole. Ki je ofishin haraji da samfurin kayanki ki tambaya kafin ki sa farashi, don in ya hau kanki ba ki saka shi a ciki ba, daga ribarki za ki biya.