Tambaya da Amsa: Anti, wai maganin ɗaukewar al'ada yana kawo kansar mama?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni malamar makaranta ce shekarata 47, yau kusan shekara ɗaya kenan al'adata ta rikice, wani watan ta zo sau biyu wani lokacin sai na yi wata uku ban gan ta ba, ga wani zafi da ke taso min daga ƙirji ya haye fuska ko ana sanyin hunturu sai ki ga ina fifita, da dare kuma gumi sharkaf har sai na canza riga, barci ya ƙaurace min, abu kaɗan na hau yara da faɗa. Sau uku ina shan maganin maleriya da taifot ba canji. Ƙanwata da ke aure a Ingila ta ce su can ana ba su wani magani HRT, amma wata ƙawata ta ce kar na kuskura kansar mama yake kawowa. Dan Allah Anti ki ba ni shawara. Daga 'yar'uwarki a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu kin ji, Allah ya ba ki lafiya. Wallahi wasiƙarki ta taɓa ni don irinki suna da yawa, ana ta ɗirka musu maganin maleriya, wasu ma har a ce iska ce ko sammu, alhali jiki ne yake shirin sallamar haila. Yawancin mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. To kafin a kai nan akwai shekarun rikici wanda su kike ciki yanzu, sinadarin istrojin da ƙwayayen haihuwa ke samarwa yau ya hau gobe ya faɗi, shi ne yake rikita wurin da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa. Kuma ba abin wata biyu ba ne, wani dogon bincike da aka yi a Amurka ya nuna wannan zafin yakan ɗauki wajen shekara 7, a wurin mata baƙar fata ma har wajen shekara 10. Shi ya sa ba na son jin ana cewa mace ta yi haƙuri kawai zai wuce.

Shi HRT ɗin ba komai ba ne illa mayar wa jiki kaɗan daga sinadarin da ya ragu, kuma har yau babu maganin da ya kai shi kwantar da zafin nan da gumin dare, yana kuma kare ƙashi daga rauni. Akwai na ƙwaya, akwai filasta da ake mannawa a fata ƙasa da cibiya ko a cinya, akwai na shafawa.

Yanzu maganar ƙawarki, ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba amma rabin labarin ta ji. A shekarar 2002 aka dakatar da wani babban bincike a Amurka mai suna WHI wanda ya haɗa mata sama da 16,000, saboda an ga ƙarin kansar mama da daskarewar jini a cikin masu shan haɗin istrojin da furojestin, wato samfurin furojestaron na magani, shi kuma furojestaron shi ne ɗaya sinadarin mata da ke aiki tare da istrojin. Labarin ya karaɗe duniya, mata suka watsar da magani, likitoci suka ji tsoron rubutawa. Sai daga baya da aka zauna aka duba da kyau aka ga matsakaicin shekarun matan 63 ne, da yawansu sun daɗe da daina al'ada, kuma ƙarin kansar da aka samu kusan mace 8 ne a cikin 10,000 a shekara. Ba na raina 8 ɗin nan, rai ne, amma ki auna da yadda ake faɗa kamar duk wadda ta sha ta kamu. Abin da likitocin mata suka tsaya a kai yanzu shi ne macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, kuma alamomin suna damunta, yawanci amfanin ya fi haɗarin. Haɗarin kansar yana ƙaruwa ne da daɗewa a kan maganin, shi ya sa ake komawa wurin likita duk shekara a sake dubawa. Na filasta da na shafawa kuma sun fi ƙwaya sauƙi ta fuskar daskarewar jini don ba sa bi ta hanta.

Ga inda nake so ki buɗe kunne sosai. Tunda kina da mahaifa ba a ba ki istrojin shi kaɗai, dole a haɗa da furojestaron, in ba haka ba fatar cikin mahaifa za ta yi ta kauri har ta iya zama kansa. Wannan ne dalilin da ya sa nake roƙonki kar ki ce ƙanwarki ta aiko miki da nata, kar kuma ki shiga kemis ki faɗi suna a miƙo miki. Ki je wurin likitan mata, ga asibitin koyarwa na Shika kusa da ke, a auna hawan jini da suga, a duba mama, a duba maƙoshi ma don ciwon tairod yana kwaikwayon waɗannan alamomin. Ki faɗa masa gaskiya in kin taɓa kansar mama, ko jini ya taɓa daskare miki a ƙafa ko huhu, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta, masu waɗannan yawanci ba a ba su, akwai wasu magungunan da ba na sinadarin ba da ake gwada musu. In akwai kansar mama a dangi shi ma ki faɗa.

Sannan HRT ba maganin tazarar haihuwa ba ne, a shekarunki tunda jini na zuwa ciki na iya shiga. Ki tambayi likita game da robar mahaifa Mirena, takan rage yawan jini, ta hana ciki, kuma ta tsaya a matsayin furojestaron ɗin.

Tambaya: Anti shekarata 53, an cire min mahaifa saboda fibroid. Ni ba zafi ne damuwata ba, bushewar gaba ce, kwanciya da maigida ta zama azaba, na sha kayan mata na yi matsi har na gaji. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Daga Katsina.

Amsa: Hajiya na gode da kika daure kika rubuto. Dan Allah ki ajiye matsin nan, fatar wurin ta yi siriri ne saboda rashin istrojin, duk abin da kika cusa mai yaji ko mai tsotse ruwa ƙara mata rauni yake yi, daga nan sai ƙaiƙayi da ciwon fitsari. Akwai istrojin ɗan kaɗan na kirim ko ƙwayar da ake sawa a gaba, aikinsa a wurin yake tsayawa, abin da ke shiga jini ba shi da yawa. Yakan ɗauki makonni kafin ki ji canji sosai, kuma in an daina bushewar na dawowa don ita ba irin zafin jiki ba ce da ke wucewa da kanta. Kafin nan ki nemi man sauƙaƙa kwanciya mai ruwa-ruwa a kemis. In kunyar likita namiji kike ji ki ce a haɗa ki da mace, ko ki rubuta a takarda ki miƙa, kuma ki samu lokaci ki yi wa maigida bayani kar ya ɗauka gudunsa kike.

Tambaya: Mamanmu shekararta 58, ta fi shekara biyar da daina al'ada, sai ga jini ya dawo kaɗan kaɗan, ta ce ai haila ce har ta ajiye sallah. Ko HRT zai daidaita mata? Daga Maraɗi.

Amsa: A'a ɗiyata, kar a ba ta komai tukuna. Jinin da ya zo bayan shekara ɗaya da ɗaukewar al'ada ba a ɗaukarsa haila a likitance ko da ɗigo ɗaya ne, sau da yawa sirancewar fata ce kawai amma yana iya zama alamar farko ta kansar mahaifa ko ta bakin mahaifa, wanda in an kama da wuri ana warkewa. Maganar sallah ku tambayi malami, amma asibiti ki kai ta cikin satin nan a yi mata sikanin a duba bakin mahaifa, ki raka ta da kanki ki shiga da ita wurin likita don iyayenmu in an bar su su kaɗai sai su ce ba komai.