Hukuncin ɗinka kayan hawan doki na mata daga tsofaffin zane-zanen Turawa

Tambaya: Malam, ni tela ce. Na sami littafi mai tsofaffin zane-zanen fentin ruwa na matan Ingila da Faransa cikin kayan hawan doki. Ina son in rataye biyu a shagona, in kuma ɗinka irinsu ga wata mai hawan doki a gonar mijinta, amma an ce mini mace a kan sirdi la'ananniya ce. Mene ne hukunci?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya yi wa sana'arki albarka. Zanen mai rai da ba shi da inuwa, wato na kan takarda ba sassaƙaƙƙe ba, makaruhi ne a wurin Malikiyya idan an girmama shi, don haka ki bar su cikin littafi kina dubawa don aiki, kada ki rataye su a bango.

Maganar la'antar mace a kan sirdi kuwa, malaman hadisi, ciki har da Mulla Ali Ƙari, sun bayyana cewa ba ta da asali, kuma abin takaici ne a jefi musulma da la'ana a kan abin da bai tabbata ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito yabon Annabi (SAW) ga matan Ƙuraishawa a matsayin mafi alherin matan da suka hau raƙuma, kuma Ummu Haram bint Milhan, wadda ya yi wa addu'ar shiga cikin mayaƙan teku, faɗowa daga kan dabbarta ce ajalinta. Wanda ya ce raƙumi daban, doki daban, shi ne zai kawo dalilin bambancin.

Abin da ya sauya hukunci a tambayarki shi ne kalmar "irinsu". Matan ƙarni na 19 da ke cikin zanen sun sa kwat mai matse ƙirji da ƙugu, wadda telolin maza ke yankawa a kan salon kwat ɗin maza, da doguwar hula irin ta maza. Matsewar tana siffanta jiki, hular kuma kamanceceniya ce da maza, kuma duka biyun an hana. Ki ɗauki ingancin ɗinkin, ki yalwata rigar, ki sa mayafi a maimakon hula.

Ki lura kuma cewa a karkace suke zama, ƙafafu biyu a gefen hagu, kuma dogon siket ɗin yakan maƙale a sirdi idan mace ta faɗi, doki ya ja ta a ƙasa; shi ya sa su kansu Turawan suka fara sauya shi wajen shekarar 1875. Ki tambayi matar irin sirdinta kafin ki yanka yadi, ki haɗa mata da wando mai faɗi a ciki. Allah Shi ne mafi sani.